Lugude a Sararin Sama: Yadda Makamai Masu Linzami Ke Magana da Juna

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)



Akwai wani suna da muke ji kullum a labaran duniya, har kunne ya saba da shi mun daina tsayawa mu dube shi: makami mai linzami. Duk wanda ya fara raɗa wa abin nan wannan suna ya san doki. Kibiya da harsashi in sun bar hannu sun tafi ke nan, ba mai iya ce musu su karkata. Shi kuwa wannan makami ana juya shi yana cikin tafiya, kamar yadda mahayi ke juya ingarma. To amma linzami sai da hannu. In makaman sun kai goma ko hamsin, duk suna sama lokaci guda, linzamin yana hannun wa? Abin da za mu bi ke nan a yau.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya riga ya ga rabin amsar. Ku tuna lokacin jahi. Mahaya su taso a sukwane, su zo daf da sarki su ja linzami tare kamar mutum ɗaya. Ba igiya ce ta ɗaure su ba. Kowa da nasa linzamin, amma kowa yana satar kallon na gefensa: in ya ga ya wuce sai ya ɗan ja, in an bar shi sai ya ƙara ƙaimi. Injiniyoyin manyan ƙasashe sun shafe shekaru suna neman koya wa ƙarfe wannan satar kallon.

Mu koma farko. Ranar 9 ga Satumba, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka nitsar da wani katafaren jirgin ruwan yaƙin Italiya mai suna Roma, mutum fiye da dubu suka halaka. Bam ɗin da aka yi amfani da shi ana kiransa Fritz X. A wutsiyarsa akwai wata wuta mai haske, mutum na zaune cikin jirgin sama yana kallonta, yana murza ɗan sanda a hannunsa, saƙo na tafiya ta rediyo yana karkata fikafikan bam ɗin. Mutum ɗaya, bam ɗaya, ido a kai har ya faɗi. Ba a jima ba abokan gaba suka gano laƙanin: in ka san zangon da ake aika saƙon a kai, sai ka cika shi da hayaniya. Ku da kuka girma da rediyo mai gajeren zango kun san abin da nake nufi. Kana jin labarai tar, sai wata tasha ta hau kan taka, sai shuuu, ba ka jin ko ɗaya.

Abin mamaki, wadda ta riga ta yi tunanin maganin wannan 'yar fim ce. Sunanta Hedy Lamarr, haifaffiyar Biyana ta ƙasar Ostiriya, ta yi suna a finafinan Amurka. Ita da wani mawaƙin fiyano, George Antheil, suka samu takardar mallakar wata dabara a watan Agustan 1942: mai aika saƙo da mai karɓa su riƙa tsalle tare daga wannan zango zuwa wancan, cikin zanguna 88, adadin maɓallan fiyano. Kafin mai toshewa ya gano inda kake, ka tashi. Sojojin ruwan Amurka ba su yi aiki da ita a lokacin ba. Amma yau na'urar Bluetooth da samari ke maƙalawa a kunne irin wannan tsallen take yi, sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. Sai dai ku lura da sharaɗin: dole mai aikawa da mai karɓa su yi tsallen tare. In ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, magana ta yanke. Ku riƙe wannan batu na lokaci, za mu dawo kansa.

Bayan yaƙin, tsoron Amurka ya koma kan jiragen Tarayyar Sobiyet masu ɗauke da bam ɗin nukiliya. Sai ta gina wani tsari mai suna SAGE, wanda cibiyarsa ta farko ta fara aiki a 1958. Na'urorin rada, wato masu hango jirgi daga nesa ta hanyar aika masa igiyar rediyo su saurari dawowarta, aka baza su ko'ina, kowace tana aika abin da ta gani ta wayar tarho zuwa wata ƙatuwar kwamfuta ta kamfanin IBM mai nauyin kusan tan 250. Kwamfutar ta haɗa bayanan, ta zana hoto ɗaya na sararin sama, sannan a umarci jirgi ko makami ya tare. Nan aka fara raba ido da hannu: mai gani daban, mai harbi daban, waya ce ke tsakaninsu.

Da yawan masu magana ya ƙaru sai wata matsala ta taso. Jirage ashirin, jiragen ruwa biyar, tashoshin ƙasa goma, kowa yana da abin faɗi. In duk suka buɗe baki tare, kasuwa ta ci ke nan. Maganin da aka samo iyayenmu mata sun daɗe da saninsa. Mata uku, turmi ɗaya, taɓare uku: lugude. Taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta domin kowace ta san bugunta, wannan na sauka waccan na tashi. Haka tsarin sadarwar sojojin ƙawancen NATO da ake kira Link 16 yake aiki. An yanka kowace daƙiƙa ɗaya gida 128, an raba wa mahalarta, kowa ya yi maganarsa a nasa gurbin ya yi shiru, ga kuma tsalle tsakanin zanguna 51. Wayar salular da ta shigo Najeriya a 2001 ma da irin wannan lugude ta zo, mutum takwas suna raba zango ɗaya, kowa na ganin shi kaɗai ke magana. Har nakan yi mamakin 'yan jaridarmu da suka ce "luguden wuta", ko sun san sun faɗi gaskiyar kimiyya ne.

Da wannan hanya aka kai inda jirgin ruwa zai harba makami kan abin da shi kansa bai gani ba. Dalili kuwa duniya ƙwallo ce. Rada da ke kan jirgin ruwa ba ta hango abin da ke tafe ƙasa-ƙasa daf da ruwa sai ya matso ƙwarai, domin gantsarewar doron teku ta ɓoye shi. Jirgin sama da ke can bisa kuwa yana ganinsa tun daga nesa. Sai na sama ya ara wa na ƙasa ido. A watan Satumban 2016, a filin gwaji na White Sands da ke jihar New Mexico, jirgin yaƙi samfurin F-35 ya hango abin hari, ya miƙa bayanin ga wata tashar ƙasa, ita kuma ta harba makamin SM-6 ya same shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake haɗa kan makamai masu linzami ta hanyar sadarwa. Zuwa yanzu mun ga masu gani da masu harbi suna magana. Yanzu sai makaman su kansu.

Me ya sa ma ake son su iso tare? Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai tsaron gida a ƙwallo zai kama ƙwallo goma in ɗaya bayan ɗaya suka zo. A watso masa goman lokaci guda a ga yadda zai yi. Kowane tsarin kariya yana da iyakar abin da zai iya bi ya kakkaɓo a lokaci ɗaya, mai hari kuma so yake ya wuce wannan iyaka.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsara tun daga gida, a ce kowa ya isa ƙarfe kaza. Mun ga irin wannan a daren 13 zuwa 14 ga Afrilu, 2024, lokacin da Iran ta kai wa Isra'ila hari. Bisa ƙidayar sojojin Isra'ila, an aika jirage marasa matuƙi kusan 170, da makamai masu tafiya ƙasa-ƙasa fiye da 30, da masu hawa can ƙololuwar sama su faɗo fiye da 120. Marasa matuƙan tafiyar sa'o'i ce a gabansu, masu hawa saman kuwa mintoci kaɗan suke yi, saboda haka masu jan ƙafa aka fara sallama. Kamar 'yan ɗaurin aure ne: na keke ya yi sammako, mai mota ya tsaya ya karya. A ɗaya ɓangaren kuma Amurka, Birtaniya, Faransa da Jodan sun shiga aikin tarewa tare da Isra'ila, kuma abin da ya ba su dama shi ne musayar abin da radojinsu ke gani. Wato an kara ne tsakanin mai jadawali da masu waya.

Aibin jadawali shi ne ba ya jin labarin hanya. In iska ta tare ɗaya, ko an harbo wani, sauran ba su sani ba. Shi ya sa aka so makaman su riƙa jin juna. Labarin da ya fi yawo a nan na wani makamin Sobiyet ne mai suna Granit, wanda aka fara ɗora wa jiragen ruwa a farkon shekarun 1980, irin wanda jirgin ƙarƙashin tekun nan Kursk ke ɗauke da shi lokacin da ya nitse a shekarar 2000. Yadda Rashawa ke ba da labarinsa, in an harba su da yawa ɗaya ne ke hawa sama yana leƙe yana faɗa wa sauran da ke tafe ƙasa-ƙasa, in aka harbo shi wani ya hau ya gaje shi. Tsarin madugu ke nan, irin na ayarin fatake. Amfaninsa a fili yake, illarsa ma haka: duk wanda ya san akwai madugu, shi zai fara nema.

Saboda haka masu bincike suka juya ga tsarin da babu shugaba, kuma malamansu tsuntsaye ne. Manoman shinkafa da gero a Kebbi, Jigawa da Yobe ba sa buƙatar a yi musu bayanin jan-baki. Dubbai su taso kamar hayaƙi, su karkata tare, su sauka tare, ba wanda ya taɓa ganin sarkinsu. A 1986 wani masanin kwamfuta, Craig Reynolds, ya nuna cewa ƙa'idoji uku sun isa su haifar da irin wannan tafiya: kada ka yi karo da maƙwabcinka, ka bi inda maƙwabta suka dosa, kada ka yi nisa da su. Daga baya masu bincike a birnin Rum suka ɗauki hotunan garken wasu tsuntsaye, suka wallafa a 2008 cewa kowane tsuntsu maƙwabta shida ko bakwai kawai yake lura da su. A watan Oktoban 2016 sojojin Amurka suka saki ƙananan jirage marasa matuƙi 103 masu suna Perdix daga jiragen yaƙi uku a Kalifoniya, suka riƙa shawagi a matsayin garke ba tare da an tuƙa kowanne shi kaɗai ba.

Ga makamai, abin da ake musaya shi ne kowa ya ce wa na kusa da shi, ni saura kaza in isa. Mai gaggawa ya ɗan yi kwana ya ɓata lokaci, har lissafin kowa ya zo ɗaya. Masana lissafi sun tabbatar cewa muddin ba a bar wani a ware ba, wato akwai sarƙar magana da ta haɗa kowa da kowa ko da ta bakin wasu ce, to a ƙarshe za a daidaita. A kan takarda abin gwanin sha'awa ne.

A sama kuwa ba takarda. Saƙo yana makara, wani ya ɓace a hanya, wani ya iso a gurguje. Abin da ke gudun mita ɗari shida ko dubu a daƙiƙa, in ka ce masa ga inda nake, kafin ya ji ka riga ka bar wurin. Duk maganar da ke yawo a cikin wannan sadarwa labarin jiya ne, sai an san shekarunsa kafin a yi aiki da shi. Ga mu mun dawo kan agogo.

Bari in ba ku labarin Zahran, a gabashin Saudiyya. Ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, Iraƙi ta harbo makamin Scud. Akwai na'urar kariya samfurin Patriot a wurin, aikinta ke nan ta tare shi. Ba ta ko harba ba. Makamin ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka, mutum 28 suka mutu, kusan ɗari suka ji rauni. Da hukumar binciken kuɗi da ayyuka ta majalisar Amurka ta fitar da rahotonta a 1992, sai ga inda gizo ya yi saƙa. Kwamfutar tana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ita kuwa kwamfuta da sifiri da ɗaya take lissafi, kuma a wannan lissafin kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa, kamar dai ka ce za ka raba naira goma ga mutum uku daidai wa daida. Dole a yanke wani wuri, a zubar da ɗan ɓurɓushi. Ɓurɓushin bai kai a kula ba, in na'urar za ta yi 'yan sa'o'i ne a kashe ta. Amma ta Zahran ta yi kusan sa'a 100 a kunne. Ɓurɓushi ya taru ya zama sulusin daƙiƙa. A cikin sulusin daƙiƙa Scud yana cin fiye da rabin kilomita. Rada ta hango shi da farko, kwamfuta ta lissafa inda zai kasance nan gaba, ta duba can, ta ga wayam, sai ta ɗauka ƙararrawar ƙarya ce. Abin da ya fi ciwo, an riga an san da matsalar, an rubuta gyaran, yana kan hanya. Washegari ya iso Zahran.

Wannan fa na'ura ɗaya ce da agogonta ɗaya. Ku auna in guda hamsin ne suke lugude, kowace da nata agogon. Galibi daga taurarin ɗan'adam na GPS ake saita su, kuma a can kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300 a ƙasa. Shi ya sa yaƙin zamani ya koma kan toshe waɗannan saƙonni ko aika na jabu. Tartsatsin kuma ba ya tsayawa kan soja. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin jiragen sama na Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Estoniya har wata guda, domin katsalandan ɗin da ake yi wa GPS a yankin ya hana jiragensa sauka lafiya.

Toshewa ma da sauƙi, domin wanda aka toshe ya san an toshe shi. Ƙarya ta fi muni. A tsarin da kowa ke gyara lissafinsa da abin da maƙwabci ya faɗa, wake ɗaya shi ke ɓata gari. In guda ya kawo bayanin banza, ko don ya lalace ko don an yaudare shi, sauran za su karɓa su miƙa gaba, duk su tafi tare cikin tsari mai kyau zuwa inda bai kamata ba. Ni a ganina nan ne masu tallar waɗannan makamai ke saurin wucewa. Sukan nuna maka yadda garken ke haɗa kai. Ba su cika tsayawa kan abin da aka haɗa kan a kai ba.

Kuma an gani a aikace, tun ma kafin a kai ga garke. A yaƙin Iraƙi na 2003, na'urar Patriot ta harbo jirgin Tornado na Birtaniya a watan Maris, mutum biyun da ke ciki suka mutu, sannan a farkon Afrilu ta harbo jirgin F/A-18 na Amurka kanta, matuƙin ya rasu. Na'ura ta ce abokin gaba ne, mutumin da ke gaban allo yana da 'yan daƙiƙoƙi ya yarda ko ya musa, ya yarda. Mu ma nan gida mun ɗanɗana ɗacin kuskuren ganewa daga sama. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum fiye da tamanin suka rasu, Allah Ya jiƙansu, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa kuskure ne. Can akwai mutum a bayan na'urar, akwai wanda za a tambaya. Ranar da garken ƙarfe ne ya yi shawara tsakaninsa ya zaɓi inda zai faɗa, wa za a kira gaban kwamitin bincike?

Wannan tambaya ce ta sa tun 2014 ƙasashe ke zama a Janiba kan makaman da ke zaɓar abin hari da kansu. A watan Disamban 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan batun, ƙasashe 152 suka goyi baya, 4 suka ƙi, 11 suka ƙaurace. Babban sakatare António Guterres da shugabar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya sun yi kiran a samar da doka mai ɗaure kowa. Su ɗakunan bincike dai ba su tsaya jiran masu taro ba.

Kafin lokaci ya cim mana, ga wani abu daga fagen yaƙin Yukren. Toshe zango ya yi tsanani a can har ƙananan jirage marasa matuƙi suka riƙa faɗowa kamar ƙudaje, saƙo ba ya isa gare su. Daga 2024 sai Rasha, sannan Yukren, suka fara ɗaura wa jirgin ƙullin zaren gilashi siriri kamar gashi, irin wanda ke ɗauko mana intanet ta ƙarƙashin teku. Jirgin na tafiya zaren na warwarewa, kilomita goma ko fiye, umarni na bi ta cikinsa, ba zangon da za a toshe. Gonakin bakin daga yanzu sun cika da waɗannan zarurruka suna ƙyalli a rana kamar yanar gizo. Jirgin da ke kan zare ba ya jin maƙwabcinsa, mai riƙe da shi kaɗai yake ji. Mutum ɗaya, makami ɗaya, ido a kai har ya faɗi, kamar dai wancan Bajamushe na 1943, sai dai wannan karon linzamin na gaske ne, ana iya taɓa shi da hannu.

Nan za mu ja namu linzamin. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda taurarin GPS ke sanin inda kake tsaye alhali ba su taɓa ganinka ba.  

(Kiɗan rufe shiri)